Ranar da Ba-Komai Ya Ce Wayyo

Sunansa na ainihi yana nan a katin aikinsa da lasisinsa na tuƙi, amma ban da matar da ke buga takardu a ofis babu mai amfani da shi. Kowa Ba-Komai yake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Shekara talatin da huɗu yana tuƙa bas ɗin ma'aikatan wani kamfanin sabulu, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa yi masa wani abu ya ba da amsar da ta wuce wannan ba. A taka masa ƙafa, ba komai. A canza masa ranar hutu ba a gaya masa ba, ba komai. Wata rana murfin injin ya faɗo masa a kan yatsu, makanike ya rugo yana salati, shi kuwa ya zaro hannun, ya duba, ya ce ba komai, ya je ya ɗauko ma'aikatan safe da farce biyu baƙi ƙirin.

Abin ya samo asali tun yana ɗan shekara goma sha biyar. Shi ne babba cikin su bakwai lokacin da mahaifinsu ya rasu, kuma duk wanda ya zo gaisuwa sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai ne uba yanzu, ka daure." Masu maganar sun faɗa sun koma gidajensu, sun ci abincinsu sun manta. Shi kuwa ya ɗauki maganar da gaske, ya daure har shekara arba'in da shida. Ya aurar da ƙanne, ya koyi tuƙi, ya yi aure, ya samu aiki, ya haifi huɗu, ya tarbiyyantar da su har suka kama gabansu, duk ba a ji ya ce wash ba. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Shi dai ya dafa, amma ban ga alamar ya sha romon ba, dutsen ma a kafaɗa ya ajiye shi.

Matarsa tela ce, keken ɗinkinta yana falo kusa da taga, hannun hagu da kujerar da yake zama in ya dawo daga aiki. Mace ce mai baki, kuma babu abin da ke ƙona mata rai kamar mutumin da ba a iya faɗa da shi. A farkon aurensu ta taɓa yin kwana uku tana girki ba gishiri, don kawai ta ji abin da zai ce. Ranar ta ukun ta kasa haƙuri ta tambaye shi, "Malam, yaya ka ji abincin?" Ya ce ba komai, ya ƙara cokali biyu don ya faranta mata. Ita ce ta yi kuka.

Abu ɗaya yake taƙama da shi a duniya, ko da yake ba ya faɗa. Tun da ya fara aiki bai taɓa ƙwarzane motar kamfani ba. Bas uku suka tsufa a hannunsa, kowacce aka sayar da ita da fentinta. Mabuɗin yana rataye shi a wata ƙusa bayan ƙofar ɗaki, kuma ko jikoki sun san wannan ƙusar ba wurin wasa ba ce. Saura shekara huɗu ya yi ritaya, kuma ya riga ya tsara ranar a ransa: zai tsaya gaban ma'aikata da rigarsa a goge, ya miƙa wa manaja mabuɗin da hannunsa, ya ce ga amanarku. Shi zai miƙa. Ba karɓa za a yi ba.

Wuyan ya fara ne shekara shida da suka wuce. Da farko nauyi ne kawai a ƙeya in ya tashi da safe. Sannu a hankali nauyin ya sauko kafaɗa, ya zauna, ya zama ɗan gida. Dama tana ɗan juyawa, hagu kuwa ta rufe shago. In aka kira shi ta wannan ɓangaren sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, ƙafa da ciki da kai, kamar ana juya kabad. In yana sauri ba ya juyowa sam, sai ya ɗaga hannu ya wuce. Maƙwabta suka fara cewa mutumin nan girman kai ya shige shi, wasu suka ce ai dama shirun nan nasa ba na Allah ba ne. Mai askinsa ne kaɗai ya san gaskiya, domin shi ne yake zagaye shi da almakashi har jiri ya kama shi.

A hanya kuwa dabara ya yi. Ya ƙara madubi na uku, bayan shekara ya ƙara na huɗu. Ya daina ribas kwata-kwata. In ya wuce layi, gara ya zagaye unguwa guda ya dawo da ya koma baya taku goma, ma'aikata suna ta murna wai Baba yana nuna musu gari. Barci ya ragu, haƙoransa suka riƙa cije juna ko yana zaune, kansa yana sarawa kowace yamma. Matarsa ta tambaya sau ɗari. Kun san amsar.

Amma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Wata Litinin da safe wata babbar motar kaya ta tare ƙofar kamfani, ba hanya sai baya. Ba-Komai ya sa ribas, ya duba madubi na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu, duk suka ce masa lafiya lau. Sai ji aka yi ƙwaram. Durom ɗin shara ne, wanda mai shara ya matsar da shi jiya zuwa daidai inda madubi huɗu ba sa gani. Bas ɗin ko ƙwarzane ba ta yi ba. Sai dai durom ɗin ya gangara har bakin ɗakin shan magani, inda sabuwar nas ɗin kamfani take tsaye da kofin shayi, kuma a kan idonta direban ya sauko ya juyo kamar kabad don ya ga abin da ya faru.

"Baba, shigo mu gaisa," in ji ta.

Ta zaunar da shi a kujera, ta koma bayansa ta hannun hagu ta tsaya.

"Kada ka motsa kafaɗa. Juyo da kai kawai, ka gaya mini yatsu nawa na ɗaga."

Ba-Komai ya ja wuya, wuya ya ce ba inda za shi. Ya karkata ido har ya ji zai faɗo, bai ga komai ba sai kalandar bango. Ya yi lissafi irin na direba, ya ga tsakiyar hanya ta fi aminci.

"Uku," ya ce.

"Baba, hannuna yana cikin aljihu."

Ta tura shi wajen likita, aka ɗauki hoto, aka auna jini. Likita ya ce ƙashi lafiya, jini ya ɗan hau, amma tsokar wuya da kafaɗa ta ɗaure tamau, ya rubuta a je a yi tausa mai shiga jiki. Nas ta karanta takardar, ta miƙa hannu.

"Mabuɗin, Baba. Zai zauna a durowata mako biyar. Ranar da ka ƙirga yatsuna daidai, ka ɗauki abinka. In ba haka ba, dole in rubuta wa manaja. Ba zan bar mutum sittin a bayan wuyan da ba ya juyawa ba."

Ya ciro mabuɗin ya ajiye mata a tebur.

"Ba komai," ya ce.

Aka ba shi benci a garejin kamfani, aka kawo direban wucin gadi. Kowace safiya yana zaune yana jin mutumin yana shiga giya ta biyu kamar yana niƙa tsakuwa. A gida bai ce uffan ba. Kwana biyu yana fita da rigarsa a goge kamar kullum. Amma ƙusar bayan ƙofa ba ta iya ƙarya ba, kuma ranar wanki matarsa ta tsinci takardar likita a aljihu. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta ɗauki mayafinta kawai ta ce, "Tashi, Malam."

Mai tausar da likita ya ambata yana saman wani shagon sayar da fenti, ɗaki ɗaya da aka raba biyu da katako. Gefe ɗaya nasa ne, na maza, ɗaya gefen na matarsa, na mata. Mai Kwaɓi ake ce masa, domin shekara ashirin ya yi yana kwaɓa fulawa a gidan burodi kafin a kawo injin da ya karɓe masa aiki. Maimakon ya zauna yana tsine wa injin, sai ya koma makaranta shekara biyu ya koyi tausa, takardar shaidar tana nan a bango cikin gilashi. Gajere ne, mai fara'a, damatsansa kamar taɓare biyu.

Ya karanta takardar likita, ya fara tambaya. Wane magani kake sha? Yaya barci? Hannu yana yin sanyi ko tsami? Akwai abin da ke damunka a rai?

"Ba komai."

"To, madalla. Cire riga."

Ba-Komai ya dubi ƙofa. Rabon da wani ya ga bayansa tun yana yaro. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ya cire, ya ninke ta yadda ba za ta yamutse ba, ya kwanta rub da ciki a wani siririn gado mai rami daidai fuska. Ta ramin yana ganin tayil ɗin ƙasa da takalmin Mai Kwaɓi.

"Ga dokar ɗakin nan, Baba," in ji takalmin. "Hannuna ba shi da ido, bakinka ne idona. In na danna, ka ba ni lamba daga ɗaya zuwa goma, gwargwadon zafin da ka ji. Ka gane?"

Ya gane, amma irin ganewarsa. Shekara talatin da huɗu duk lambar da aka tambaye shi a ofis, hatsari nawa, makara nawa, ƙorafi nawa, ƙarama ita ce ta mutumin kirki. Ya ɗauka wannan ma jarrabawa ce, kuma ya ƙudurta ba zai faɗi biyu a mako ɗaya ba.

Mai Kwaɓi ya shafa mai, ya ɗumama wurin da tafin hannu, sannan ya sa babban yatsa a kan wani ƙulli tsakanin wuya da kafaɗa. Wata wuta ta tashi daga nan ta haura har bayan ido.

"Nawa?"

"Ɗaya."

"Ikon Allah." Ya ƙara nauyi. "Yanzu fa?"

"Ɗaya."

Mai Kwaɓi ya taɓa ganin masu taurin jiki, leburori da 'yan dambe, don haka bai yi gardama ba. Ya naɗe hannun riga, ya kafa gwiwar hannu, ya jingina. Ba-Komai ya ga tayil ɗin ƙasa ya koma kala-kala. Ya ga mahaifinsa. Ya cije leɓe, ya riƙe numfashi, ya damƙe ƙafar gadon.

"Ɗaya da rabi," ya ce, don kada a ce ya cika fariya.

Sai da aka yi kusan minti goma a haka Mai Kwaɓi ya lura da abu biyu. Yatsun ƙafar mutumin sun dunƙule kamar zai yi naushi da su, kuma a ƙasa, daidai ramin fuska, ruwa ya taru a tayil.

"Baba, wannan ruwan fa?"

"Gumi ne."

"Ta ido kake gumi?"

Ya tsayar da aikin nan take, amma an riga an yi ɓarna. Washegari Ba-Komai ya kasa sa riga da kansa. Dama ma da take ɗan juyawa ta bi sahun hagu. Matarsa ce ta sa masa maɓalli, tana yi tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin mutumin da ya je gyara ya dawo da ƙarin lalacewa yana godiya ba. Mako ɗaya ya tafi a banza, saura huɗu.

Da suka koma, Mai Kwaɓi ya zaunar da shi a bakin gado, ya ƙi ko buɗe kwalbar mai.

"Laifina ne da na yarda da kai, kuma ba zan sake ba," ya ce. "Bari in gaya maka abin da burodi ya koya mini. Kwaɓi in ka yi kokawa da shi, ƙara tauri yake yi. Sai ka danna daidai, ka jira, ya saki da kansa. Tsoka ma haka take. In zafin ya wuce kima, ƙanƙamewa take yi don ta kare kanta, ni ina turawa, kai kana turowa, mu biyu muna wahalar banza. Shida nake nema, ko bakwai, inda za ka ji shi amma kana iya numfashi. Ɗayan nan taka ba jarumta ba ce, Baba, rufe mini ido ka yi."

Mai Kwaɓi ya nuna kafaɗar da yatsa, ya ci gaba.

"Kuma wannan abin da ke kafaɗarka ba sitiyari kaɗai ya kawo shi ba. Duk ranar da aka ɓata maka rai ka haɗiye, kafaɗa takan ɗan ɗaga, muƙamuƙi ya cije. In abin ya wuce ya kamata su sauka. Naka ba su samu labarin ya wuce ba, suna nan suna gadi. Mutane suna zuwa nan su ce tsufa ne. Wani tsufan ne, ban musa ba. Wani kuwa kaya ne da aka manta ba a sauke ba. Yau ba zan taɓa ka ba sai ka faɗa mini abu ɗaya, ɗaya tak, da ya taɓa ba ka haushi."

Ba-Komai ya yi tunani har agogon bango ya gaji.

"Babu," ya ce.

Daga bayan katako, inda matarsa take zaune tana hira da matar Mai Kwaɓi, aka ji murya: "Ƙarya yake yi!"

Ya sunkuyar da kai iya yadda wuyan ya bari. Can ya ce, a hankali kamar mai tona asirin gwamnati, "Akwai wani a kujera ta uku a bas. Yana cin gyaɗa."

"Sai me?"

"Yana zuba ɓawon a ƙasa. Ni nake sharewa. Shekara goma sha ɗaya."

"Kwanta, Baba."

Wannan karon Mai Kwaɓi ya shiga a hankali, ya sa shi jan numfashi ta hanci yana saki ta baki, har yatsan ya isa ƙullin nan.

"Nawa?"

"Huɗu."

"Baba."

"Takwas! Wayyo Allah, takwas ne! Wayyo wuyana!"

A bayan katako wani abu ya faɗi, ashe kofin da ke hannun matarsa ne. Matar Mai Kwaɓi ta tashi a firgice, ita kuwa ta riƙe ta tana dariya, hawaye na zuba. "Bar shi, 'yar'uwa," ta ce. "Shekara talatin da shida nake jiran wannan ƙarar."

Mai Kwaɓi ya sassauta zuwa shida, ya tsaya a nan bai motsa ba. Bayan kamar minti ɗaya Ba-Komai ya ji wani abu ya narke ƙarƙashin yatsan, ɗumi ya gangara har gwiwar hannu. Ranar ya yi barcin rana a kujera, baki buɗe, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo kujerar gidan.

To, ashe madatsar ruwa aka fasa. Sau biyu a mako yake zuwa, kuma kowane ƙulli da labarinsa. Na gefen wuya, manajan da ya ɗora masa yaron da shi ya koya wa tuƙi a matsayin shugaban direbobi. Na saman kafaɗa, ƙanin matarsa da ya zo kwana biyu ya yi shekara huɗu, ya tafi da rediyo. Mai Kwaɓi yana dannawa yana cewa, "Bakwai? To, ci gaba, me ya yi kuma?" Ya ba shi aikin gida: tawul mai ɗumi a wuya, miƙa kafaɗa safe da yamma, tafiya a ƙafa bayan la'asar.

Abin bai tsaya a ɗakin tausa ba. A gareji ya tare direban wucin gadi ya yi masa lacca ta rabin awa a kan kuloci. Ya je har kujera ta uku ya miƙa wa mai gyaɗa leda, ya ce daga yau nan ne gidan ɓawo. Mutumin ya kusa shaƙewa. A gida kuwa, suna cin abinci wata rana, sai ya ajiye cokali.

"Wancan abincin na shekarar aurenmu, na kwana uku. Ba gishiri a ciki."

"Yanzu ka ji?"

"Tun a lokacin na ji."

"Ni na kai ka," ta ce, "ni na jawo wa kaina."

A mako na huɗu Mai Kwaɓi ya isa wani wuri ƙarƙashin allon kafaɗar hagu. Bai danna da ƙarfi ba, amma lamba ma ba ta fito daga bakin Ba-Komai ba. Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce. Ya ce shekara shida da suka wuce, yana kan hanya da ma'aikatan safe, aka kira shi a waya cewa mahaifiyarsa tana neman sa, jikin ya yi tsanani. Saura tasha biyar ya gama. Ya ce a ransa ba komai, bari ya sauke mutane tukuna, kada su makara. Ya sauke su duka a kan lokaci. Da ya isa an riga an rufe mata fuska. Bai taɓa gaya wa kowa cewa an kira shi da wuri ba.

Mai Kwaɓi bai ce ka daure ba. Ya bar tafin hannunsa a wurin, ya bar shi ya yi kukansa ta ramin gado, na dattijo mai shekara sittin da ɗaya da kuma na yaro mai goma sha biyar, duk a zama ɗaya.

Duk wannan lokacin, kowace yamma, matarsa tana yi masa gwajin nas a falo. Zai zauna a kujerarsa, ita ta tashi daga keke ta tsaya bayansa ta hagu ta ɗaga hannu. A makon farko iyakarsa ƙofa. Na biyu ya kai labulen taga. Na uku ya ga keken ɗinkin, har ya ce ashe an canza masa fatar da ke juya shi. Na huɗu ya ga gefen hannun rigarta. Ana gobe za a koma wajen nas, ya ja numfashi yadda aka koya masa, ya saki kafaɗa, ya juya a hankali. Ƙofa ta wuce, taga ta wuce, keke ya wuce. Sai ga hannun.

"Nawa?" ta ce.

Biyar take nufin ɗagawa, ya gane haka. Amma uku ne suka miƙe. Biyun ƙarshe sun lanƙwashe sun ƙi tashi, gaɓoɓin sun kumbura, kuma a gindin babban yatsa, inda almakashi ke zama, fatar ta yi kanta ta yi ja.

"Malam, ka gani ko ba ka gani ba? Hannuna ya gaji."

"Tun yaushe?"

Ta yi sauri ta mayar da hannun cikin zane. "Wannan? Ba komai."

Shekara uku ke nan, daga baya ta faɗa. Da wannan hannun take yanka yadi, da shi ta sa masa maɓalli. Kullum tana nan zaune taku biyu daga kujerarsa, ta ɓangaren da ba ya iya dubawa, kuma da ta ga shi da nasa kayan sai ta ja bakinta. Mace mai baki irin wannan, a gidansa ta koyi shiru. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta kama shi ba ko ranar durom ɗin shara.

Da safe nas ta zaunar da shi, ta koma bayansa. Ya juya kai kamar bai taɓa yin wata matsala ba.

"Huɗu," ya ce. "Kuma zoben nan ya matse miki yatsa, 'yata, ki kai a buɗa shi."

Ta gwada shi ta dama, ta sake gwada shi ta hagu, ta auna jininsa ta ce ya ɗan sauka amma kada ya bar maganin likita. Sannan ta jawo durowa ta ɗora masa mabuɗin a tafin hannu. Ya damƙe shi, ya ji sanyin ƙarfen da ya yi mako biyar yana mafarkinsa. Bas ɗin tana waje tana jiran sa.

Bai nufi bas ba, ofishin manaja ya shiga. Ya ce yana son hutun kwana biyu. Manaja ya cire tabarau, ya sa aka duba fayil, aka tarar babu takardar neman hutu ko ɗaya a ciki da za a kwaikwaya, sai da aka ari ta wani. Daga nan ya wuce gareji, ya miƙa wa direban wucin gadi mabuɗin da hannunsa.

"Jibi zan karɓa. In na ji giya ta biyu ta yi kuka, ni da kai ne."

Ranar farko ya kai ta wajen likita, aka duba gaɓoɓin, aka ba ta magani, aka ce a bar wurin kumburin, amma a tausa mata damtse da kafaɗa, domin su ma sun ɗaure. Rana ta biyu suka hau saman shagon fenti. Ita ta shiga gefen mata, shi ya zauna a gefen maza kusa da katako, hularsa a gwiwa. Mai Kwaɓi ya miƙa masa ruwa, bai ko gani ba, kunnensa yana jikin katakon.

Ya ji an buɗe kwalbar mai. Ya ji an karanta mata dokar ɗakin. Can ya ji matar Mai Kwaɓi ta ce, "Nawa, Yaya?"

"Ɗaya," in ji matarsa. "Ba komai."

Ba-Komai ya miƙe tsaye, ya buga katakon da tafin hannu har takardar shaidar da ke bango ta karkace.

"Ƙarya take yi!" ya ce da ƙarfi. "Takwas ne! Ki sassauta mata, don Allah. Ni na koya mata wannan maganar."